Waiwaye: Fitilar Jirgi da Batirin da Ba Ya Kai Asuba

Duk wanda ya taso a bakin Kwara ta wajen Yawuri kafin zuwan sola ya san fitilar ƙwai ba ta yi wa mai jirgi ƙarya. Da la'asar sakaliya zai ɗauke ta ya girgiza kusa da kunnensa, daga motsin kananzir ɗin ya gane ko za ta kai shi asuba ko sai ya ƙara mata. Ya goge kunkunniyar ƙwan da tsumma, ya datse kan lagwani, ya rataye ta a jikin sandar da aka kafa a jirgi. In iska ta kashe ta an gani, sai a sake kunnawa. Bayanta tocila mai cin batir uku ta shigo, tare da batiran Tiger Head da ake saye a kwali. Ita ma ba ta mutuwar fuju'a. Haskenta ya kan yi ja tukuna, har a sami damar shanya batiran a rana ko a ɗan cije su don su ƙara numfashi.

Yau litar kananzir ta daɗe da haura naira dubu, kuma da wuya ka ga jirgin da ke kwana kan ruwa babu wata fitilar sola a ɗaure a jikinsa. Ba kewar fitilar ƙwai nake yi ba. Hayaƙinta ya ishi kowa, kuma wuta mai harshe kusa da jarkar fetur ba abin so ba ce. Abin da nake waiwaye a kansa shi ne wani sani da ya tafi tare da ita, wato sanin abin da ya saura a ciki. Fitilar sola ba ta girgizuwa. Da magariba, mai lafiya da mai ciwo haskensu ɗaya ne, bambancinsu ba ya fitowa sai dare ya raba, lokacin da mai ita ya yi nisa cikin barci.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Busa da gonaki da itatuwa, tafkin ya miƙe tsawon fiye da kilomita 130. A kan wannan ruwa mutane ke kwana: masuntan da suka zuba raga suna jira, da jiragen kaya da suka iso tun daren jajiberin kasuwa suka tsaya nesa da gaɓa saboda cunkoso. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedikwata a Lokoja ta hana zirga-zirgar dare, amma kowa ya san ranar kasuwa sammako ake yi, kuma mai inji ba ya jiran rana ta fito kafin ya ja igiya. A ce jirginsa na gudun kilomita 20 a sa'a. Cikin minti ɗaya ya ci mita 330 da ɗoriya. In fitilar jirgin da ke tsaye ba ta ganuwa sai daga mita 200, abin da ya rage masa na kaucewa bai kai daƙiƙa 40 ba, ga kaya, ga mutane, ga jirgi ba shi da birki. In kuwa ta mutu, sai dai Allah ya kiyaye. Sa'o'in da suka fi hatsari, daga ƙarfe huɗu zuwa fitowar rana, su ne daidai sa'o'in da batir ya fi gajiya.

Masu jiragen teku sun daɗe da rubuta wannan a doka. Ƙa'idojin hana karo a teku da hukumar IMO ta amince da su a 1972, suka fara aiki a 1977, sun ce jirgin da ya jefa anka ya kunna farar fitila da za a gani ta kowace kusurwa, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Wanda bai kai mita 50 ba fitila ɗaya ta ishe shi, amma a hango ta daga mil 2 na teku, wato kimanin kilomita 3.7. An ɗauke wa ƙaramin da bai kai mita 7 ba, sai dai in ya tsaya a hanyar da jirage suka saba bi, to nan babu rangwame. Waɗannan ƙa'idoji na teku ne da ruwayen da jiragen teku ke shiga, tafki kamar namu yana ƙarƙashin dokar cikin gida. Amma idon direban jirgi a Kainji da na wanda ke gaɓar Faransa iri ɗaya ne, don haka lissafinsu ya shafe mu.

A lissafin nasu, fitilar da za a gani daga mil 1 tana bukatar ƙarfin da bai kai hasken kyandir ɗaya ba, amma ta mil 2 sai ta haura hasken kyandir huɗu. Ninka nisa sau biyu yana cin kusan ninki biyar na haske. Wannan ma a sararin da ya washe ne, ba cikin hazon hunturu ba, lokacin da mutum ke rasa ɗaya gaɓar da rana tsaka. Shi ya sa tsofaffin fitilun anka na kananzir suke da ƙwai mai kauri mai layi-layi, irin gilashin da Augustin Fresnel na Faransa ya ƙirƙira wa hasumiyoyin teku a shekarun 1820. Aikinsa ya tattaro hasken da zai ɓace sama da ƙasa ya tura shi gefe, inda ido yake. Fitilun anka na gaske na yanzu ma haka ake yin murfinsu.

Abin da ya cika kasuwanninmu kuwa fitilar ado ce, wadda aka ƙera don a soke a gefen furanni a farfajiyar gida. Farantin solarta bai wuce tafin hannun yaro ba, cikinta batir ɗaya ne mai girman na rimot, da ƙwan LED guda, da ɗan ƙaramin allo mai ɗaga wutar batirin daga bolt 1.2 zuwa kusan bolt 3 da farin ƙwan ke bukata. Gara ita da duhu, ban musa ba. Amma mai jirgi ya san abin da ya rataya.

Wani kawuna da ya tsufa a sana'ar fito yana da irinta, 'yar babba-babba. Ta yi masa aiki na wani lokaci, sai ta fara gazawa. Ya kai ta wurin wani saurayi mai gyaran rediyo da waya a bakin kasuwa, ina tare da shi.

"Yaro, abar nan ta fara yi mini barci tun sha biyun dare. Sa mata batir babba, wanda ya fi kowanne lamba."

"Baba, ina jin ba batir ne ciwonta ba."

"Kai dai sa mata. Da kuɗina na zo."

Saurayin ya cire mai lamba 600 da ke ciki ya sa mai 2,500. Kwanakin farko kuwa sai ga fitila har bayan sallar asuba tana ci, kawu yana yi wa maƙwabtan jirginsa gori. Ba a daɗe ba ta koma halinta. Ya dawo da fushi.

"Ashe jabu ka sayar mini?"

"Wallahi Baba batirin nan lafiyarsa ƙalau. Yi haƙuri ka zo ka gani."

Ya kwance ƙusoshi uku, ya zare wayoyi biyu da suka fito daga faranti, ya maƙala musu mita, ya fito da ita ƙofar shago inda rana ke dukan ƙasa. Mita ta nuna 40 da 'yan kai. Ya sa farce ya kankare fuskar farantin. Robar da aka lulluɓe shi da ita ta yi ruwan ɗorawa, ta yi dishi-dishi, ga tsaga ƙanana kamar gashi. Ya ce da farantin yana sabo da wuya in bai ba da kusan ninki biyu na wannan ba. Sannan ya ce, "Baba, ko rumbun sarki ka gina, abin da gona ta bayar shi za ka zuba."

Maganar nan tasa ita ce dukan abin da ke cikin sha'anin, kuma ana iya bin ta da alƙalami. Lambar mAh da ke jikin batir tana faɗin yawan wutar da zai iya ɗauka ne, ba ta ce wani zai cika masa ita ba. Faranti mai ba da 40 a sa'a, ko da gari ya wuni da rana, sa'o'in da yake aiki da cikakken ƙarfi ba su wuce biyar zuwa shida ba a ƙasarmu, domin ranar safe da ta yamma a karkace suke zuwa. 40 sau 5 ya ba da 200. Batir ba ya riƙe duk abin da aka ba shi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yana tafiya a zafi, saura 150. In ƙwan yana jan 25 a sa'a, fitilar za ta yi sa'a shida. An kunna da ƙarfe shida da rabi, sha biyu da rabi ta kwanta. Daren Yawuri kuwa sa'a 12 ne, a Disamba har da ɗoriya, wato yana neman 300.

To me ya sa sabon batirin ya kai asuba da farko? Da guzurinsa ya zo daga masana'anta. Kowane dare fitila na cin 300, kowace rana faranti na mayar da 150, giɓin 150 kuma ana yanko shi daga guzurin. Batirin da ya zo da kamar 1,800 zai rufe wannan giɓi kusan mako biyu, daga nan sai a koma cin abin da rana ta kawo. Wannan jinkirin ne ke ruɗin mutane. Da abin zai bayyana a daren farko da an gane, amma sai mai saye ya yaba, ya gaya wa abokai sun saya, sannan ta fito. Da yawa daga batiran da ake zagi a matsayin jabu a bakin ruwa, yunwa ce kawai ke damunsu.

Kada kuma a ɗauka ƙarami shi ne mafita. Irin waɗannan fitilu ba su da wata dabarar tsayar da caji in batir ya cika. Muddin akwai rana faranti na turawa, abin da ya yi yawa kuma ya zama zafi da iska a cikin batirin. Masu ƙera batiran nikel sun daɗe da ƙa'ida a kan wannan: in za a bar batir a kan caji babu mai tsayarwa, kada wutar da ke shiga ta wuce kashi ɗaya cikin goma na lambarsa. Saboda haka faranti mai ba da 60 yana son batirin da bai gaza 600 ba, in ya kai 1,000 ko 1,200 ma babu laifi, zai sami wurin ajiye rarar ranakun da suka yi kyau. Wanda ya ƙera fitilar bai sa 600 don rowa kawai ba, ko da yake rowar ma ba a rasa ta. Daga ninki goma zuwa ninki ashirin na abin da faranti ke bayarwa, nan ne batir ke zama lafiya. Abin da ya haura haka kuɗi ne aka ajiye a wurin da ba za a taɓa cikawa ba.

Sai batun iri, inda aka fi yin ɓarna, don batura huɗu ne masu kama ɗaya da ke shiga rami ɗaya. Akwai na yau da kullum wanda ba a cajinsa, mai rubutun 1.5V. In aka sa shi faranti ya tura masa wuta, zai kumbura ya yi yoyo, farar gasarar nan ta cinye sifirin. Akwai masu 1.2V, su ne NiCd da NiMH. Sannan akwai na litiyam masu lamba 14500, tsayinsu da kaurinsu daidai da na rimot, wani 3.2V wani 3.7V. Sa mai 3.7 a fitilar da aka yi don 1.2, ƙwan zai yi wani haske mai ban sha'awa na ɗan lokaci, allon ya ƙone. Sa mai 3.2 a inda ake cajin mai 3.7, za a riƙa tura shi zuwa bolt 4.2 alhali iyakarsa 3.65. In aka juya, mai 3.7 a gurbin mai 3.2, ba zai taɓa cika ba. Kafin a jefar da tsohon batir a karanta jikinsa, ko a tafi da shi kasuwa a hannu. Mai shago da ya ce "ai duk ɗaya ne, tunda ya shiga" bai san kayan da yake sayarwa ba.

Tsakanin masu 1.2V ɗin, NiCd shi ne dattijo, tun 1899 Waldemar Jungner ya ƙirƙiro shi a Suwidin. Ba ya ɗaukar wuta da yawa, amma yana da juriya. Zafi da cajin da ya wuce kima da ƙarewa ƙaf kowane dare ba sa saurin kashe shi, shi ya sa tsofaffin fitilun sola suka zo da shi. Illarsa kadmiyam, guba ce, har Tarayyar Turai ta hana sayar da yawancin ƙanananshi tun dokar 2006. NiMH ya gaje shi, ya fi shi ɗauka, amma bai kai shi haƙuri ba. A cikin NiMH ɗin ma masu babbar lamba sun fi saurin tsufa. Kamfanin Sanyo ya fito da NiMH mai suna Eneloop a 2005, yanzu Panasonic ke yin sa, kuma alƙaluman kamfanin da kansa sun nuna abin da nake nufi: mai ɗaukar kusan 1,900 an ce zai jure caji har sau 2,100, mai 2,500 kuwa sau 500. Fitilar anka caji ɗaya take ci kowace rana, 365 a shekara. Mai sau 500 ko shekara ɗaya da rabi ba zai cika ba. A wannan aiki batir mai matsakaiciyar lamba daga hannun da aka sani ya fi mai babbar lamba.

In fitila na cin batir biyu ko uku a jere, a sauya su gaba ɗaya, iri ɗaya, lamba ɗaya. Idan aka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai riga ƙarewa, sabon ya ci gaba da tura wuta ta cikinsa a juye, kuma batirin da aka yi wa haka 'yan lokuta ya gama yawo.

Manyan fitilun da suka fi haske yawanci 18650 ne a cikinsu, litiyam mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, irin wanda ke cikin batirin laftof. A nan kam jabu gaskiya ne. Manyan kamfanonin duniya ba su iya cusa fiye da kimanin 3,500 a wannan girma ba, amma a tebur za ka ga mai rubutun 6,800 ko 9,900 da hoton harshen wuta a jiki. Babu irin wannan. Hanya mafi sauƙi ta kama shi ita ce nauyi. Na gaske yana kai giram 45 ko fiye, jabu sau da yawa ko 30 ba ya kaiwa, kuma ma'aunin masu sayar da zinari ko na masu magani ya isa ya raba gardama. Wasu masu jabun sun gane haka, sai su sa ɗan mitsitsin batir a cikin gwangwanin su cike sauran da gari ko yashi. Ni a wurina tsohuwar ƙwayar da aka ciro daga batirin laftof, mai gyara ya gwada ta a gabana ya rubuta abin da ta ɗauka a jikinta, ta fi sabuwar da ban san asalinta ba. Araha ba ta ado, balle a kan ruwa.

Litiyam ba ya yafe cajin da ya wuce kima yadda nikel ke yi. Dole a sami allon da ke tsayar da shi a bolt 4.2, ya kuma yanke shi kafin ya ƙare ƙaf. Haɗa faranti kai tsaye da 18650 neman gobara ne, a jirgin katako mai ɗauke da fetur kuwa ba sai an yi bayani ba.

Akwai wani maƙiyi da takardun cikin kwali ba sa ambata, domin ba don mu aka rubuta su ba. Masu ƙera litiyam sun ce a yi cajinsa tsakanin digiri 0 da 45. A watan Afrilu iskar Yawuri kanta tana haura 40 a inuwa. Yanzu a ɗauki baƙar roba rufaffiya a ɗaure ta a kan sanda tun safe, faranti a samanta yana shan rana, batir manne a ƙarƙashinsa. Taɓa ta da azahar, hannu ba zai daɗe a kai ba. A cikin wannan zafin ake cajin batirin, kullum. Wannan shi ne aibin duk fitilar da aka haɗa faranti da batir da ƙwai a jiki ɗaya: faranti na son rana, batir ba ya son ta, an kuma ɗaure su wuri guda. Batirin dalma ma, irin na mota da babur, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin shekarunsa. Cikin dangin litiyam, mai rubutun LiFePO4 ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, yana kuma kai caji dubu biyu ko fiye. In za a sayi mai haɗe, a nemi mai irin wannan, mai farantin gilashi ba roba ba, mai farin jiki in an samu.

Ga wanda jirginsa ke kwana a hanya ko yake ɗaukar mutane, shawarata a raba ukun. Faranti a kan rumfa, batir a cikin akwati a inuwa inda ruwa ba ya taruwa, ƙwai a kan sanda. Lissafin ba shi da wuya. Tsohon ƙwan anka mai zare na wat 10 yana shan kusan amfiya 10 a dare daga batirin bolt 12, shi ya sa a da sai mai babban batir. Na LED mai haske daidai da shi bai wuce wat 1 zuwa 1.5 ba. A ɗauki 1.2, sau sa'a 12, ya kama wat 15 a dare in an cike. Faranti mai wat 5 a rana mai kyau zai kawo 25 a takarda, bayan asara kamar 17, wato da ƙyar ya rufe. Mai wat 10 ya ninka, shi ne zai ciyar da daren yau ya kuma biya bashin jiya. Bambancin kuɗinsu bai kai na batirin da za a yi ta sauyawa ba. In kuɗi bai isa duka ba, a fara ƙara faranti kafin batir.

Batirin kuma a auna shi da kwanakin marka, lokacin da Agusta ke rufe sama kwana biyu ko uku faranti bai kawo abin kirki ba. Dare uku wat 45 ke nan. Ƙaramin batirin dalma mai bolt 12 da amfiya 7 yana ɗauke da 84, amma rabi kawai ake so a ci in ana son ya yi ƙarko, wato 42, ya kusa dai. Na LiFePO4 mai amfiya 6 yana da kusan 77, ana iya cin 60 daga ciki ba tare da an cuce shi ba. Tsakanin faranti da batir a sa kwantirola mai tsayar da caji, ko da mafi ƙanƙanta ce, a kuma saita ta kan irin batirin da aka haɗa. Yawancinsu suna da tsarin kunna fitila da faɗuwar rana su kashe da safe. Kusa da batir a sa fis. Kuma a rantse ba za a ja cajin waya daga wannan batir ba, don a nan ne tsari mai kyau ke rushewa. Yaran jirgi uku da wayoyinsu sun isa su cinye rabon dare tun kafin isha'i.

Sauran kulawa ce ta yau da kullum. Sabon batir a cika shi da cajar da ta dace kafin a sa, ko a kashe makunnin fitilar a bar ta ta sha rana kwana biyu. A damina, ko lokacin da ƙura ta yi kauri, a riƙa cire na nikel lokaci-lokaci a kai su shagon caji a cika su sosai, in da hali a ajiye wasu cikakku a gwangwani mai murfi. Mita tana faɗin gaskiya in an san karatunta: NiMH da ya sauka daga caji yana nuna kusan 1.4, in ya kai 1.0 ya ƙare. Na dalma da ya huta, 12.7 cikakke ne, 12.2 rabi. A goge faranti da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya a hunturu. Kada a shanya raga ko riga a kansa, don inuwar da ta rufe gefe ɗaya tana iya karya wutar farantin gaba ɗaya, tunda ƙwayoyinsa a jere aka haɗa su. Bakin batir da sifirin a goge tsatsarsu da samfefa a shafa ɗan basilin. Danshin tafki ya kashe fitilu da yawa da batiransu ke da sauran rai.

Akwai wata ɗabi'ar ƙananan fitilun da ya kamata a sani. Da farantin suke gane dare ya yi. In jirgi ya tsaya kusa da fitilar titi ta bakin tasha, ko maƙwabci ya haske ta da babbar fitilarsa, sai ta ɗauka gari ya waye ta kashe kanta. Haka kuma masu walƙiyar ja da shuɗi da kore da samari ke so, ba su da wuri a kan sandar jirgin da ke tsaye. A ƙa'idar ruwa ja hagun jirgi ne mai tafiya, kore damansa, direban da ya san aiki zai karanta su da wata ma'ana. Fara ake so, tsayayyiya, sama da rumfa da kaya, yadda babu ɓangaren da zai kare ta.

Gwajin da ya maye gurbin girgiza fitilar ƙwai kuwa shi ne a duba ta lokacin tashi sallar asuba, ba lokacin kunnawa ba. In da hali wani ya yi nisa a gaɓa ya waiwayo ya faɗi daga ina ta ɓace masa. A yi haka bayan ranar da aka wuni da hadari, don sakamakon rana mai kyau ba ya nuna komai. Kawuna daga baya faranti na daban mai gilashi aka ɗaura masa a kan rumfa, batirin da ya kira jabu kuma ya ci gaba da aiki a cikin rediyonsa.

Matattun batura su ne abin da har yanzu ba mu yi wa tanadi ba. Na dalma yana da masu saye, 'yan gwangwan na bin sa har gida, don haka ba ya kwana a ƙasa. Ƙananan ne ba mai so, kuma hannu ya saba wurga su cikin ruwa. A lardin Toyama na Japan kadmiyam daga mahaƙar ma'adinai ya bi kogin Jinzu ya shiga shinkafa da kifi, ya lalata ƙoda da ƙasusuwan mutane, akasari mata, har gwamnati ta amince da musabbabin cutar a 1968. Batiran masunta ba su kai mahaƙa ba, amma tafkin nan shi ake sha, kifinsa kuma har kudu ake kai shi. A tara su a busasshen gwangwani, na litiyam a liƙe bakinsu da salatif don kada su haɗu su yi tartsatsi, a kai wa mai gyara in an shiga gari. Sarkin ruwa na kowace tasha zai iya ajiye durom ɗaya don wannan, kamar yadda ake karɓar kuɗin tasha.